Riƙon Doki da Mallakarsa: Tarihin Dawakin da Hukuma ke Ƙwacewa a Ingila

Bahaushe ya bambanta riƙo da mallaka tun ran gini. Yaron da ke hannun gwaggonsa ɗan riƙo ne. Ita ke ci da shi, ita ke tufasar da shi, amma ranar da ubansa ya aiko a kawo shi ba ta da ta cewa. Wannan maƙala za ta duba wani irin riƙo ne da ya daɗe yana ba masana shari'a na Ingila wahala, watau riƙon dokin da hukuma ta ƙwace daga hannun mai shi saboda wulaƙanci ko rashin kula, kafin kotu ta yanke hukunci. Abin da muke so mu nuna shi ne, dokar ƙasar ta koyi hukunta mai zaluntar doki tun da wuri, amma ta yi shekara fiye da ɗari da tamanin ba ta san yadda za ta yi da dokin kansa ba.

Kafin ƙarni na goma sha tara, doki dukiya ne kurum a idon shari'ar Ingila. Wanda ya raunata dokin wani ya yi laifi, amma laifin ɓarnar dukiyar maƙwabci ne. In nasa ne ya kashe da bulala ko da yunwa, ba wanda zai tuhume shi. A 1809 Lord Erskine ya kawo ƙudurin hana zaluntar dabbobi, Majalisar Dattawa ta yarda, ta Wakilai ta yi watsi da shi. Sai a 1822 ne Richard Martin, wakilin Galway ta ƙasar Ailan, ya ci nasarar tsayar da dokar da ta hana dukan doki da goɗiya da alfadari da jaki da shanu da tumaki don mugunta. Tarar ta kama daga sule goma zuwa fam biyar, wanda ya kasa biya kuma a ɗaure shi har wata uku. Bayan shekara biyu, a 1824, aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a London, wadda Sarauniya Victoria ta ba ta lambar sarauta a 1840, aka san ta da RSPCA har yau.

To, sai dai a lura da abin da dokar Martin ta bari. Mai keken doki ya biya tararsa a gaban majistare, ya fito ƙofar kotu, ya kama linzamin dokin nan da aka hukunta shi a kansa, ya koma da shi gida. Ba a taɓa mallakarsa ba ko kaɗan.

Wurin da maganar ciyar da dabbar wani ta fara shiga doka wani lungu ne da ba a zata ba. A dā, a ƙauyukan Ingila akwai garka ta hukuma inda ake tsare dabbar da ta shiga gonar mutane, har mai ita ya zo ya biya ɓarna. Sau da yawa mai dabba ya ƙi zuwa, wanda ya tsare ta kuma ya ce ba tasa ba ce balle ya ba ta harawa, dabba ta mutu a tsakaninsu. Dokar 1835 da ta 1849 suka ɗora wa wanda ya tsare dabba nauyin ci da ita da shayar da ita, ta 1835 kuma ta ba shi damar neman kuɗinsa daga mai ita. Ta 1854 ta maido da tanadin ta 1835 cewa bayan kwana bakwai yana iya sayar da ita a bainar jama'a ya cire abin da ya kashe. A nan ne tushen duk rigimar da za ta biyo baya yake: wanda ke ciyarwa daban, mai dukiya daban, kuɗin ciyarwa kuma yana hauhawa kowace safiya har ya kan zarce kuɗin dabbar.

Malamanmu na Malikiyya, in za mu ɗan ratse, sun riga sun warware rabin wannan ƙulli tun da daɗewa. A babin ciyarwa na Muhtasar, Shehu Halil ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita a kansa. Ke nan rashin ciyarwa da kansa dalili ne na raba mutum da dukiyarsa. Shari'ar Ingila ba ta kai nan ba sai a ƙarni na ashirin, kuma da ɗari-ɗari ta kai.

Dokar kare dabbobi ta 1911 ita ce ta fara bai wa kotu ikon ƙwace dabba daga wanda aka sama da laifi, amma da sharaɗin a nuna cewa in an mayar masa zai sake zaluntarta, ko dai don an taɓa hukunta shi ko don an san halinsa. Ta kuma yarda ɗan sanda ya ajiye dabbar a wuri amintacce har a gama shari'a. Ba ta gina barga ko guda ba, ba ta kuma ware ko kwabo don dusa ba. Wannan giɓi ƙungiyoyin jin ƙai suka cike. Tun a 1886 wata baiwar Allah mai suna Ann Lindo ta buɗe gidan hutun dawakin haya na London, wanda yau ake kira The Horse Trust. A 1927 Ada Cole ta kafa ƙungiyar da ta zama World Horse Welfare, bayan ta ga yadda ake lodin tsofaffin dawakin Ingila a jiragen ruwa zuwa mayankar Beljiyam. Redwings ta biyo baya a 1984. Waɗannan, da mutanen da suke ba dawaki aro a gidajensu, su ne masu riƙon da muke magana a kai.

Matsayin mai riƙo abin tausayi ne in aka duba shi da kyau. Dokin da ke turkensa abu uku ne a lokaci guda: dukiyar wanda ake tuhuma, wanda bisa ƙa'ida ba shi da laifi sai an tabbatar, shaidar mai gabatar da ƙara, sa'an nan kuma rai mai ci da sha, mai ciwo, mai tsufa. Sauran kayan shaida, kamar wuƙa ko takarda, a kan kulle su a akwati shekara biyu ba su canja ba. Doki kuwa kullum canjawa yake, kuma canjawar tasa tana iya juyar da shari'ar. An kawo shi ƙashi da fata, mai riƙo ya yi wata shida yana jinyarsa, ya murmure, ya yi ƙiba, farashinsa ya ninka. Duk wannan ƙarin daraja na mai shi ne in kotu ta wanke shi. Mai riƙo ba shi da ikon sayarwa, ba shi da ikon bayarwa, ko dandaƙa ingarma ba zai yi ba sai da izini. In goɗiya ta zo da ciki ta haihu a hannunsa, dukushin ma ba nasa ba ne. Ga kuma shaƙuwa, wadda doka ba ta san da zamanta ba.

Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, wadda ta fara aiki a 2007, ta yi ƙoƙarin gyara wannan. Ta ɗora wa mai dabba wajibin kula da ita, ba sai an jira ta wahala ba. Sashe na 18 ya bai wa ɗan sanda ko jami'in ƙaramar hukuma ikon ɗauke dabba in likitan dabbobi ya shaida tana shan wuya ko tana gab da sha. (Jami'an RSPCA, duk da kakinsu, ba su da wannan iko, sai sun zo da ɗan sanda.) Sashe na 20 kuma ya yarda majistare ya ba da umarnin a yi wa dabbar magani, ko a miƙa ta ga wani, ko a sayar, ko a kashe ta, tun kafin a gama shari'ar laifin.

Ba a yi shekara ba aka gwada ƙarfin dokar. A watan Janairu na 2008 aka shiga wata gona ta wani mai fataucin dawaki kusa da Amersham a gundumar Buckinghamshire. An tarar da gawawwakin dabbobi fiye da talatin, aka kwashe dawaki da kuru-kuru da jakuna 111 da ransu, aka rarraba su a bargunan ƙungiyoyin da muka ambata. A watan Afrilu, da aka kai maganar gaban kotu a Oxford a ƙarƙashin sashe na 20 ɗin nan, alƙali ya ce a mayar wa iyalin mai gonar da guda 29, sauran 82 kuma a yi gwanjonsu. Jama'a suka yi ca. Amma a gaskiya, in mutum ya ajiye tausayi gefe, hukuncin bai fita daga tsohon tunanin shari'ar ba: ba a tabbatar wa kowa laifi ba tukuna, dukiya kuwa tana cin kanta, maganinta a mayar da ita kuɗi. Abin da alƙalin bai auna ba shi ne, a wajen gwanjo babu abin da zai hana dabbobin komawa hannun masu irin wannan fatauci. An ƙalubalanci umarnin, ba a kuwa zartar da shi ba. A 2009 aka sami mai gonar da laifi, aka ɗaure shi kimanin wata shida, aka hana shi riƙe doki har ƙarshen ransa, aka kuma ce ya biya fam 400,000 kuɗin shari'a. Ya ɗaukaka ƙara, ya faɗi a 2010. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan dabbobin suna hannun masu riƙo, suna ci daga aljihun masu ba da sadaka, ba a san na wane ne ba.

Jihohi da dama na Amurka sun bi wata hanya dabam. A can kotu ta kan ce wa wanda ake tuhuma ya ajiye kuɗin ciyar da dabbarsa na wani ƙayyadadden lokaci, in ya kasa mallakar ta fita daga hannunsa. Tsarin yana sauƙaƙa wa mai riƙo, amma ƙorafin da ake yi a kansa ba na banza ba ne, domin talaka yana iya rasa dokinsa ba don an same shi da laifi ba, sai don ba shi da abin ajiyewa.

Akwai kuma kishiyar wannan rigima, watau dokin da kowa ya ce ba nasa ba ne. Bayan karayar tattalin arziki ta 2008 farashin ƙananan dawaki ya faɗi ƙasa warwas, mutane suka riƙa sakin su a filayen wasu da bakin hanyoyi. In an zo tuhuma babu mai shi. In doki ya warke a hannun wani sai mai shi ya bayyana. Wales ta yi doka a kan haka a 2014, Ingila ta bi a 2015: mai fili ya tsare dokin, ya sanar da 'yan sanda cikin awa 24, in awa 96 ta cika, ban da ranakun hutu, ba wanda ya zo ya biya ya karɓa, doki ya zama nasa. A dā kwana goma sha huɗu ake jira. Wannan dai cigiya ce irin ta tsintuwa, sai dai gajera ƙwarai.

An so a kashe gardamar mallaka da takarda. Doka ta wajabta a yi wa doki fasfo a Ingila, tun daga 2009 ana dasa wa duk ɗan dokin da aka haifa wata 'yar ƙwayar na'ura a wuya mai ɗauke da lambarsa, daga Oktoba 2020 kuma dokar ta hau kan manya ma. Amma fasfon shaidar dokin ne, ba shaidar mallaka ba, kuma masu saye da yawa ba sa canja sunan da ke ciki, har a bi lamba a tarar da mutumin da ya sayar da dokin shekara goma da suka wuce. Su kansu ƙungiyoyin sun ɗauki darasi daga wahalar da suka sha. World Horse Welfare, alal misali, ba ta sayar da dokin da kotu ta mallaka mata. Aro take bayarwa bisa yarjejeniya a rubuce, jami'anta suna kai ziyara lokaci-lokaci, ranar da suka ga abin da bai gamshe su ba kuma su zo da mota su ɗauke kayansu.