Koko da Fura da Daddawa: Yadda Abinci Mai Tsami Ya Biyo Fatake Zuwa Zangon Ankara

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata dattijuwa daga cikin ikilisiyarmu ta tsai da ni a bakin ƙofa. Ta ciro wata kwalba daga jakarta ta ce, “Malam, duba mini wannan. A wajen Makola na saya. Mai sayarwa ya ce haɗin tsami ne, yana wanke ciki yana kuma narkar da teɓa, har ma wanda ya sha ba ya bukatar ƙwayar asibiti.” Na buɗe na sansana, sai na ji ƙanshin da na sani tun ina goye, watau ruwan tsamin koko da citta. Na ce, “Iya, kina shan maganinki na ciwon sukari?” Ta sunkuyar da kai ta ce mako biyu ke nan da ta ajiye shi.

Wannan ne ya sa na zauna in rubuta abin da na sani game da tarihin abincin nan namu mai tsami. Gama idan mun san inda abu ya fito da aikin da aka yi shi dominsa, ba za a sayar mana da shi da sunan ƙarya ba.

Hanyar Gwanja

Tun wajen ƙarni na 15 fatake suke kai da komowa tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wadda take a arewacin Ghana ta yau. Abin da ya kai su shi ne goro. A ƙarni na 19 cinikin ya ƙasaita ƙwarai. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna masu yawa, madugu yana shugabanta, ɗauke da kanwa da baƙaƙen zannuwa da fatu, ya nufi kasuwar Salga. Tafiya ce ta watanni. Inda ayari ya sauka ya kwana, nan ake kira zango, daga nan ne kuwa unguwanninmu suka sami sunansu.

Mai karatu, ka tambayi kanka abin da waɗannan mutane suke ci a hanya. Ba firij, ba abincin gwangwani, ga zafin rana, ga ruwan rafi wanda ba a san lafiyarsa ba. Guzurinsu shi ne gero da fura da daddawa da kayan yaji. Idan suka sauka kusa da rugar Fulani sai su sami nono su dama. Curin fura yakan kwana ya ɗan yi tsami, a dama shi a sha a kama hanya. Daddawa kuwa idan ta bushe sosai takan yi watanni ba ta lalace ba, ɗan gutsure kaɗan ya isa ya ba miyar kuka ɗanɗano. Ayari ba maza kaɗai ba ne, akwai mata masu girki a cikinsa, su ne suka ɗauko wannan sani suka sauke shi a kowane zango.

Daga Salga zuwa bakin teku

A shekarar 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Tonawa a kan Salga ya karye, goro kuma ya fara canja hanya. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga ɗungum. Fatake da malamai suka bazu, waɗansu Kete-Krachi, waɗansu Kumasi, waɗansu kuma suka gangaro birnin Accra, wanda iyayenmu suke kira Ankara. Birnin ya riga ya zama mazaunin gwamnati tun 1877. Akwai kuma sojojin Hausa waɗanda Turawa suka kawo daga Ikko domin yaƙin 1874, da yawansu ba su koma ba. Daga baya aka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911.

Malam Naino, mutumin Katsina, ya sami fili daga hannun sarakunan Ga a ƙarshen ƙarni na 19, a wurin da har yanzu ake kira Zongo Lane. Ɗansa Malam Baƙo shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. A 1924 aka gina Kasuwar Makola kusa da tsohon zangon. Nima kuwa ta faro ne a farkon shekarun 1930, sa’ad da Malam Amadu Futa, mai cinikin shanu, ya sami wurin daga wani gida na mutanen Osu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masu neman aiki suka cika ta, har ta tumbatsa zuwa Maamobi. Mutanen arewa iri iri suka taru a wurin, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su.

Waɗannan leburori da masu gadi da ’yan dako suna bukatar karin kumallo mai araha kafin gari ya waye. Matan zango suka biya wannan bukata da koko da ƙosai. Mutanen Ga ma suna da nasu abinci mai tsami, watau dokunu da banku na ƙullun masara, saboda haka tsami ba baƙo ba ne a harshensu. Amma kokon gero mai yaji daban yake da kununsu na masara, shi ya sa suka raɗa masa suna “Hausa koko”, sunan da ya bi ƙasar Ghana duka. Haka kalmominmu suka shiga bakin kowa: ƙosai ya zama “koose”, shinkafa da wake ta zama “waakye”, fura ta zama “fula”, daddawa ta zama “dawadawa”.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Uwata ta yi shekaru tana sayar da koko a Maamobi, don haka na san aikin da idona. Za a jiƙa gero ya kwana, a wanke, a kai inji a niƙa tare da citta da barkono da kanumfari. Sa’an nan a tace, a bar ƙullun ya kwanta na waɗansu sa’o’i har ruwan da ke sama ya yi tsami. Da asuba a tafasa ruwan tsamin, a zuba ƙullun ana motsawa har ya yi kauri.

Iyayenmu sun san aikin, masana kuwa daga baya suka gano dalilinsa. A 1857 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya nuna cewa waɗansu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani su ne suke sa madara ta yi tsami. Suna cin zaƙin da ke cikin madara ko hatsi, suna mai da shi tsami, tsamin nan kuwa yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Haka yake a nono, haka yake a ƙullun koko da na dokunu. Jiƙawa da tsamin suna kuma sa jiki ya fi iya ɗiban sinadarin ƙarfe da ke cikin gero. Daddawa tata hanya daban ce. Ana dafa kalwa, watau ’ya’yan ɗorawa, har ta yi laushi, a cire ɓawon, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku. Wata irin halitta ce dabam take aiki a kanta, ita ce ke kawo warin nan da muka sani, tana kuma sa abin gina jiki da ke cikin kalwa ya yi sauƙin narkewa. Gidan da ba shi da kuɗin nama, daddawa takan rufa masa asiri.

Shekarun wahala

Mutanen zango sun ga jarrabawa. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, gidaje da yawa a Nima suka zama kango. A watan Agusta 1979 sojoji suka rushe Kasuwar Makola bisa zargin cewa mata ’yan kasuwa suna ɓoye kaya. Sa’an nan 1983 ta zo da fari da gobarar daji, ga kuma ’yan Ghana wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar.

Ina ɗan shekara biyar a lokacin, amma ban manta ba. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito, masu barkwanci suna kiransu sarƙar Rawlings. Gero ya yi wuya, uwata ta koma dama kokon jar masarar agaji, ta tsinka shi da ruwa domin ya kai ga kowa. Mutane sukan yi layi su sayi ɗanyen dokunu tun bai shiga tukunya ba, don kada ya ƙare. Ba wanda ya sha koko a shekarar nan domin ya rame. Mun sha shi ne domin mu ga gobe.

Yau al’amari ya juya. Zama ya yi yawa, tafiya a ƙasa ta ragu, lemon kwalba da soye-soye sun cika titi. Ƙiba da hawan jini da ciwon sukari sun shiga gidajenmu. Sai ga abincin da ya raya mu cikin yunwa an ɗura shi a kwalba ana tallarsa a matsayin maganin ramewa.

Me bincike ya nuna?

Zancen cewa abu mai tsami yana gyara ciki ba sabo ba ne a wurin Turawa ma. A 1907 wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Metchnikoff ya rubuta cewa shan nono ne yake sa manoman Bulgeriya tsawon rai. Bai iya tabbatar da wannan ba, amma ya buɗe ƙofar bincike.

A nan gida, Dokta Patience Mensah ta Cibiyar Noguchi da ke Legon, tare da abokan aikinta, sun buga sakamakon bincikensu a 1990. Sun gwada kunun da ake ba yaran da ake yayewa, suka tarar wanda aka yi da ƙullu mai tsami bai kai marar tsami ɗaukar ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba, ko da an ajiye shi na sa’o’i. Wannan ya gaskata hikimar kakanninmu. Amma a 2006 waɗansu masu bincike daga ƙasar Danmak suka ba da rahoton gwajin da suka yi a arewacin Ghana, inda aka ba yara masu gudawa ruwan tsamin koko. Bai rage kwanakin gudawar ba. Ashe abin da ke tsare abinci daga lalacewa ba lalle ne ya warkar da cutar da ta riga ta kama ba. Yaro mai gudawa, ruwan gishiri da sukari yake bukata, da kai shi asibiti da wuri.

A 2021 kuma, a Jami’ar Stanford ta Amurka, aka raba mutum 36 kashi biyu na tsawon mako goma. Waɗanda aka ƙara musu abinci mai tsami irin su kindirmo, an ga ire-iren halittu masu amfani sun ƙaru a hanjinsu, alamun kumburi a jininsu kuma sun ragu. Labari ne mai daɗi, sai dai mutanen kaɗan ne, binciken kuma bai nuna cewa abincin yana rage ƙiba ba.

Akwai abu uku da ya kamata mu riƙe. Na fari, koko dafaffe ne, wuta ta riga ta kashe halittun da suka kawo tsamin. Amfaninsa yana nan, amma mai neman masu rai sai ya nemi nono ko kindirmo. Na biyu, a tabbata an tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami, gama ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da waɗansu cututtuka daga shanu. Na uku, koko da fura hatsi ne. Wanda ya cika kofi da sukari cokali huɗu da madarar gwangwani, ya haɗa da burodi da ƙosai, kada ya yi mamaki idan wando ya matse shi. Mai ciwon sukari kuwa sai ya tambayi likita gwargwadon da zai sha.

Ba zan rufe ba sai na taɓa zancen pito da burukutu, gama ’yan’uwanmu da yawa daga arewa sun tashi sun tarar ana dafa su a gida. Su ma daga dawa suke, su ma suna da tsami, amma an bar yisti ya yi aiki har zaƙin ya zama barasa. Na sha jin masu cewa suna sha ne domin gyaran ciki. A shekarun da na yi ina ziyarar marasa lafiya, na ga hantar da ta lalace da gidajen da suka watse ta dalilinsu, ban kuwa taɓa ganin cikin da suka gyara ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, muddin an san ciwon da take yi wa magani. Mu koma ga daddawa a miya, mu rage dunƙulen ɗanɗano mai yawan gishiri. Mu ba yara koko mai tsabta a maimakon lemon kwalba. ’Yan mata su zauna kusa da tsofaffi su koyi jiƙa gero da rufe kalwa tun masu sanin suna da rai. Mu kuma girmama matan nan da suke tashi ƙarfe uku na dare su hura wuta, gama sana’arsu ta girmi Kasuwar Makola kanta.

Dattijuwar nan kuwa, washegari jikarta ta raka ta asibiti, aka auna ta, aka mai da ita kan maganinta. Har yanzu tana shan kokonta da safe, rabin kofi ba sukari, tana kuma zuwa sujada da ƙafa. Da na tambaye ta kwalbar, sai ta yi dariya ta ce, “Malam, na zubar da ruwan, na wanke ta, man gyaɗa nake zubawa a ciki.”