Daga Jiragen Binuwai Zuwa Matatar Hayaƙi: Tarihin Makanikan Manyan Motoci a Garwa

Garin Garwa, wanda Jamusawa suka ci da yaƙi a 1901, kuma Ingilishi da Faransawa suka karɓe daga hannunsu a watan Yuni na 1915, ta hanyar ruwa ya fara samun ɗaukakarsa a sha'anin ciniki. Domin kuwa kowace damina, idan Binuwai ta cika ta batse, jiragen kamfanonin Turawa sukan taso daga Burutu, su wuce Lakwaja da Yola, su sauke gishiri da siminti da man fetur a tashar garin, sa'an nan su yi lodin gyaɗa da auduga su juya da gaggawa tun ruwa bai janye ba.

Al'amura uku ne suka taru suka karya wannan sufuri: yaƙin basasar Nijeriya, wanda ya toshe kogin daga 1967 zuwa 1970; da isowar jirgin ƙasa Ngaundare a 1974; da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982. Tun daga nan nauyin fatauci ya koma wuyan manyan motoci, su ke kwashe audugar kamfanin Sodecoton, su ke kuma ɗauko hajjar Cadi daga Ngaundare, su gangaro wani dutse mai hatsari, su ratsa Garwa da Marwa har Kuseri. A gindin wannan zirga-zirga sana'ar makanikai ta kafu, yaro ya shekara da shekaru yana wanke sifana a gaban maigidansa kafin a yarje masa ya taɓa nozul. Kuma da yake Berliet da Marsandi na wancan zamani ba su da wani sirri da ya wuce ƙarfe da mai da iska, gwani yakan kasa kunne ga kukan inji, ya dubi launin hayaƙi, ya yanke hukunci.

Amma da shekarar 2014 ta kama, sai Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin manyan motoci dokar Euro VI, wadda ta sa aka dasa musu matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda masu Faransanci ke kira FAP. Kuma da waɗannan motoci suka tsufa a can, sai suka fara sauka a Duwala a matsayin na hannu. Ita matatar, yumɓu ne gasasshe mai ƙofofi irin na saƙar zuma, yana kama kunkunniyar da inji ke fitarwa. Idan mota ta yi doguwar tafiya da kaya, zafin hayaƙi yakan cinye kunkunniyar a hankali, in kuwa hakan bai samu ba, sai ƙwaƙwalwar mota ta ƙara fesa man gas har zafi ya kai kimanin digiri 600, a ƙone ta gaba ɗaya.

To, wannan ƙuna tana da sharuɗɗan inganci, kuma galibinsu sukan warware a kan hanyarmu. An ƙera matatar ne bisa man Turai, wanda tun 2009 farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali binciken da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya tarar da man da ya ninka haka sau ɗaruruwa a wasu ƙasashen Afirka. Balle man jarka na bakin hanya, wanda ba a rasa shi da ruwa ko datti. Daɗin daɗawa, direba yakan wuni a layin lodi ko a shingen kwastan inji na kuka a tsaye, hayaƙi bai yi zafi ba, kunkunniya tana ta taruwa, har fitilar gargaɗi ta kama a gabansa, mota ta rage wa kanta ƙarfi a tsakiyar daji.

Makanikin da ya fahimci mas'alar ya san toshewar matata alama ce kawai, illar tana can baya; saboda haka yakan fara da sa na'ura ya karanta abin da ƙwaƙwalwa ta rubuta, ya duba siraran bututan da ke auna matsin hayaƙi ko sun toshe ko sun tsage, ya gwada ma'aunan zafi, ya bincika nozul da tabo da bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, sa'an nan ne ya tilasta ƙuna mota na tsaye, nesa da buhunan auduga. Wajibi ne kuma ya bambance kunkunniya da toka, domin ita toka daga baƙin mai take, wuta ba ta cin ta, sai an kwance matatar an tsabtace.

Akwai masu fasa matatar su zubar, su ruɗi ƙwaƙwalwar mota; lalle mota za ta tashi, sai dai illar injin tana nan ba a taɓa ta ba, ƙurar kuma ta koma huhun karen mota da masu talla a tasha. Don haka, ya ku iyayen gidan gareji, ku sa yaranku su koyi karatun na'ura tare da riƙon sifana. Ku kuma masu motoci, kada ku sayi mota sai kun tabbatar da irin man da aka ƙera ta ta sha.