Daga bindigar ɗuri zuwa mai ɗura kanta

Ɗan'uwa mai karatu, ka san bindigar kakanninmu. Maharbi ya zuba albarushi ta baki, ya tura harsashi, ya danna da sanda. In ya harba ya kuskure, kafin ya sake ɗuri barewa ta yi nisa.

Irin waɗannan bindigogi Sarkin Damagaram Tanimun ya tara. Fatake suna kawo su daga Tarabulus, maƙeransa kuma suna ƙera igwa a Zinder. Ya rasu a 1884.

A 1885 wani mutumin Ostiriya, Mannlicher, ya fito da bindiga mai ɗura kanta. Ƙarfin harbin farko ne ke fid da kwanso, ya sa sabon harsashi. Kai dai ja kunama, ja ɗaya, harbi ɗaya. A 1936 sojan Amurka suka ɗauki irinta, mai suna Garand, mai cin harsashi 8.

Da bindiga mai sauri ta haɗu da mota, namun dajinmu suka rasa mafaka. Jimina da mariri suka yi wuyar gani.

Saboda haka, kafin ka sayi bindigar farauta, je wurin hukuma ka nemi izini, ka tambayi lokacin da aka yarda a yi farauta. Ka bar wa jikokinka barewar da za su gani da idonsu.