Ƙuri'a da bashi: bankuna a siyasar Neja

Daga 2011 zuwa 2023, tsohon ma'aikacin banki ne, Mohammed Umar Bago, ya wakilci Chanchaga a Majalisar Wakilai, kafin ya zama gwamnan Neja. Idan aka ɗauko zancen tasirin bankuna a siyasa, nan masu sharhi kan tsaya, sai ka ce matsalar ita ce ɗan banki ya hau kujera. A ganina sun yi gajeren zango. Aikin banki sana'a ce kamar kowace, kuma wanda jama'a suka zaɓa suna iya kayar da shi. Ƙarfin masu hada-hadar kuɗi yana inda ƙuri'a ba ta kaiwa, wato bashi.

Tarihi ya riga ya nuna haka ta hannun wani ɗan Minna. A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya buɗe muhawara kan karɓar rancen Asusun Lamuni na Duniya. Jama'a suka ƙi, gwamnati ta ce ta ji. Shekara na zagayowa aka shigo da shirin SAP, ɗauke da mafi yawan sharuɗɗan da aka ƙi: karya darajar naira, rage tallafi, sayar da kamfanonin gwamnati. Bankuna suka tashi daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 a farkon shekarun 1990, da dama cikinsu suna rayuwa ne kan ribar canjin dala. Wani zai ce ai mulkin soja ne. Gaskiya ne, amma tsarin nan na a saurari talaka sannan a bi mai bashi bai tafi da kaki ba.

Dokokin kare zaɓe akwai su. Dokar kamfanoni ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa, duk da haka a 2003 ƙungiyar Corporate Nigeria, ƙarƙashin shugabar kasuwar hannun jari ta lokacin, Ndi Okereke-Onyiuke, ta tara wa Obasanjo kuɗin kamfe a bainar jama'a. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar gwamna kashe naira biliyan 1 a kamfe, alhali a 2022 fom ɗin APC kaɗai ya kai miliyan 50. Malamin firamare a unguwar Tunga ta Minna bai ma isa bakin wannan ƙofa ba.

Sai dai wannan duk kafin zaɓe ne, kuma ido na iya gani. Abin da ya fi nauyi yana zuwa bayan rantsuwa. Idan jiha za ta ci bashi a kasuwar jari, kamar yadda Neja ta ci naira biliyan 6 a 2009 zamanin Mu'azu Babangida Aliyu, takan sa hannu kan umarnin biya da ba a janyewa. Da shi ake cire kuɗin mai bashi daga kason jihar tun a Abuja, kafin kwabo ya iso Minna. Gwamna ya sauka, jam'iyya ta faɗi, umarnin na nan daram. Albashi, fansho da ruwan famfo su jira abin da ya rage.

Ban ce cin bashi laifi ba ne. Hanya da asibiti ba sa gina kansu. Amma majalisar jiha ce kaɗai shingen da ke tsakanin mai zaɓe da irin wannan yarjejeniya, kuma kuɗin ruwa da wa'adin biya ba kasafai ake karanta su a dandalin kamfe ba. Mai zaɓe a Chanchaga yana zaɓen wanda zai kashe ragowa ne, bayan mai bashi ya ɗebi nasa.