TAƘAITACCEN TARIHI: ƘOFAR DA ƘAUNAR ALLAH TA BI TA ISO MU

Godiya ta tabbata ga Allah Uba, wanda ya nuna mana wannan rana ta cika shekara hamsin. Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka, kafin mu ƙidaya gine-gine da yawan waɗanda aka yi wa baftisma, ya kamata mu tuna ƙofar da bishara ta bi ta shigo ƙasar Katsina, har ta iso mu nan Kafinsoli da kewayen Kankiya da Kusada.

A watan Disamba 1893 Turawa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasashen arewa. A 1894 Kent ya rasu a Bida, Gowans kuma a Girku. Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 mishan ɗin SIM ta kafa tasharta ta fari a Patigi. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, amma har a lokacin gwamnatin Turawa tana taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakuna.

Ƙofar da Allah ya buɗe ita ce ta kutare. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa SIM kula da mazaunin kutare na Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. Haka aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A wancan zamani ana ƙyamar mai wannan ciwo, a ware masa ƙwarya da tabarma, wani ma danginsa su guje shi. A waɗannan wurare kuwa ana wanke masa gyambo, ana yi masa allura, ana koya masa karatu. Da ƙwayar dapsone ta samu, mutane da yawa suka warke, wasunsu suka koma garuruwansu da karatu da kuma bangaskiya.

'Yan'uwa, a nan ne za mu gane girman ƙaunar Allah. Markus sura 1 ta nuna mana Ubangiji Yesu ya taɓa kuturu da hannunsa, abin da mutanen zamaninsa ba sa yi. Romawa sura 5 ta koya mana cewa Allah bai jira mu gyaru ba kafin Almasihu ya mutu dominmu. Ƙauna ce da ke fara neman wanda kowa ya ƙi. Ba don muna da sarauta ko dukiya aka kawo mana ita ba.

A 1954 aka kafa ECWA, aikin ya fara komawa hannun 'yan ƙasa. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitocin mishan. Tun daga 1995 ana raba maganin kuturta kyauta a duniya. Amma waɗanda ake gudu ba su ƙare ba: gwauruwa, maraya, wanda rashin tsaro ya kora daga gonarsa, da sabon mai bi da danginsa suka juya wa baya. Idan muka bar su a bakin ƙofar majami'a, mun manta ƙofar da mu kanmu muka bi.

Allah ya ba mu zuciyar iyayenmu na bangaskiya, ya kiyaye ikilisiyarsa har zuwan Ubangiji. Amin.