Yadda Kwamfuta Ta Shiga Aikin Yaye Majinyaci Daga Injin Numfashi

A shekarar 1952, da annobar shan inna ta auka wa birnin Kwafenhegin na ƙasar Denmak, ɗaliban likitanci ne suka riƙa matsa jakar roba da hannu, dare da rana, suna hura wa majinyata iska. Shawarar likita Bjørn Ibsen ce, kuma ta ceci rayuka masu yawa. Daga baya injuna suka karɓi aikin, sai wata wahalar ta ɓullo: yaushe za a raba mutum da injin?

In an yi gaggawa, numfashinsa ya gaza, a sake zura masa bututun numfashi. In an yi jinkiri, ciwon huhu ya kama shi, tsokar numfashinsa ta yi laushi. Jinkirin ne ya fi yawa, domin likita mai tsoron kuskure yakan ce a bari sai gobe. A 1996 binciken Wesley Ely a Amurka ya nuna cewa in nas-nas da masu kula da numfashi suna gwada majinyaci kullum bisa ƙa'ida rubutacciya, yana saurin sauka daga injin.

To, abin da aka rubuta a takarda ai kwamfuta ma za ta iya bi. A asibitin Henri Mondor da ke Créteil, kusa da Faris, injiniya Michel Dojat da likita Laurent Brochard suka ƙera manhajar NéoGanesh, wadda kamfanin Dräger na Jamus ya fitar kasuwa da sunan SmartCare. Tana duba saurin numfashi, da yawan iskar da ake shaƙa, da gurɓatacciyar iskar da ake fitarwa. In ta ga majinyaci ya natsu, sai ta rage masa tallafi kaɗan-kaɗan, daga ƙarshe ta sanar da likita cewa lokaci ya yi. Ba ta gajiya, ba ta jiran zagayen safe. Cire bututun kuwa har yanzu hukuncin likita ne, kuma haka ya dace.

Gwajin manhajar da aka wallafa a 2006, kan majinyata 144 a Turai, ya nuna ta rage kwanakin yaye daga 5 zuwa 3. Amma a binciken da ta wallafa a 2008, Louise Rose ta gwada ta a Melbon ta Ostireliya, inda kowane majinyaci ke da ƙwararriyar nas tasa, kuma manhajar ba ta fi nas-nas ɗin saurin sauke majinyata ba.