Wa ke kallon wutar Ƙanƙara daga nesa? Tarihin SCADA a taƙaice 🧵

1/ Jama'a, ni ɗan Ƙanƙara ne, ina aji uku a sashen injiniyan lantarki. Mamata ƙanƙara take sayarwa. Eh, na san zolayar, ku wuce kawai 😅 A Oktoban 2024 firizarta ta fi mako guda a kashe, jarinta ya narke. Tun lokacin nake son ba ku labarin SCADA.

2/ SCADA tsari ne na sa ido da ba da umarni daga nesa. Ana dasa ƙananan na'urori a tashar wuta, su auna ƙarfinta da nauyin da layi ya ɗauka, su aika wa kwamfuta. Ma'aikaci na zaune gaban allo zai kashe layin da ke nisan ɗaruruwan kilomita.

3/ Da can mutum ne ke wannan aiki. Kawuna ya yi aikin NEPA. Ya ce a zamaninsu mita suke dubawa, su rubuta a littafi, su sanar da manya ta waya ko oba-oba. In mai dubawa ya yi gyangyaɗi, shi ke nan.

4/ A 1968 Dick Morley da abokan aikinsa a Amurka suka ƙirƙiro PLC, wata ƙaramar kwamfuta mai sarrafa injinan masana'anta. A 1979 kamfaninsu Modicon ya fito da Modbus, yaren da na'urori ke magana da juna. Har gobe ana amfani da shi.

5/ Mu kuma a nan gida: an kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, Shiroro ta fara aiki a 1990. Da aka ɗaure tashoshi a layi guda, sai ya zama dole a sami ido guda mai kallon duka. Shi ne cibiyar kula ta ƙasa da ke Osogbo.

6/ Me suke kallo? Bugun wutarmu 50 ne a daƙiƙa guda. In buƙata ta fi abin da ake samarwa, injina su yi nauyi, bugun ya sauka, tashoshi su riƙa kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone. Abin da kuke ji an ce babban layi ya faɗi ke nan. Cikin daƙiƙoƙi yake faruwa, waya ba ta isa ta tare shi ba.

7/ Amma SCADA ido ne, ba ya ɗaga turken da ya faɗi. A 2024 ɓarayi sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan ran 21 ga Oktoba layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Arewa ta shiga duhu, har da firizar Mama.

8/ Ga inda abin ke min ciwo. A unguwarmu in taransifoma ta buga, sai wani ya ɗauki waya ya kira. SCADA ɗinmu ke nan. To a Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, sai Disamba aka fara buɗewa. Ko kiran ma babu.

9/ In ba a san inda waya ta tsinke ba, mutum ne zai hau babur ya bi turaku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san dajin Faskari da Sabuwa ya san me hakan ke nufi. Na'urar da za ta ce "ga wurin" tana iya ceton rai.

10/ Tana da nata haɗarin fa. A Disambar 2015 masu kutse suka shiga SCADA ɗin kamfanonin wuta a Yukiren, suka jefa gidaje sama da 200,000 cikin duhu. Ƙofar da ma'aikaci ke bi daga nesa, ɓarawo ma na iya bi.

11/ Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Don haka in ɗan takara ya zo da alƙawarin taransifoma, ku tambaye shi: in ta lalace, wa zai sani, cikin minti nawa?

12/ Mama ta sake haɗa jari, Alhamdulillah. 'Yan Faskari da Sabuwa, kwana nawa kuka taɓa yi ba wuta kafin a gano inda matsalar take? Ku faɗa min a ƙasa 👇